Gayyar Gonar Inna

Wata Laraba ce da hantsi, a farkon daminar shekarar da na yi famfara, ina tsugune a ƙofar gida ina kankare tukunya da toka, sai na hango jaki yana hawowa daga hanyar birni, da wani dogon mutum a bayansa riƙe da sanda. Tun daga nesa na gane shi, don tafiyarsa irin ta mahaifina ce sak, ta mai jefa ƙafa da faɗi. Baffa Tanko ne, yayan Babanmu, wanda ke zaune a ƙauyenmu na asali, tafiyar yini daga Zariya. Na watsar da tukunya na sheƙa cikin gida ina shelar zuwansa, murna kamar ta kashe ni, don bai taɓa zuwa ba tare da ƙullin gyaɗa ko rake ba. Ban san cewa ni da ƙanena Bala ya zo ɗauka ba.

A zamanin nan Tudun Wada ba ta zama gari ba tukuna. Gidaje ne jefi-jefi a bayan ganuwar birni, galibinsu na zana da jinka, ga gonaki da sabara a tsakani, kuma kusan duk wanda ka tambaya daga wani wuri ya zo. Jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa Zariya ba, har lokacin in ya yi kuka mukan bar abin da muke yi mu hau suri don mu hango hayaƙinsa. Aikin hanyar jirgin nan ne ya fito da Babanmu daga ƙauye, a wurin aikin kuma ya haɗu da masu bin Almasihu, ya ji, ya gaskata, aka yi musu baftisma shi da Inna. Danginsa manoma ne masu bin gargajiya. Ba su yi faɗa da shi ba, sun dai ce ɗan'uwansu ya shiga addinin masu waƙa. Ya kafa gida, ya sami gona can wajen Tudun Jukun, yana lebura yana noma. A bazarar shekarar nan, ya gama sharar gona ke nan yana jiran ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Ya bar Inna da tsohon ciki. Duk da haka da ruwan shuka ya sauka sai ta ci ɗamara ta ɗauki sungumi, tana sara, ni da Bala muna binta muna jefa iri muna rufewa da diddige. Dawa ta fito gwanin sha'awa, ga gero a tsakiyarta. Ana cikin haka Inna ta haifi ƙanwarmu Talatu, ta shiga wankan jego, ruwan zafi safe da yamma, ga kunun kanwa, ko sunkuyawa ba a yarda ta yi. Ita kuwa ciyawa ba ta san ana makoki ba. Harƙiya da aya-aya suka taso suka rufe shukar ruf. Kullum da yamma nakan ɗauki 'yar fartanyata in tafi, in nome kunya ɗaya da kyar, kafin in kai ƙarshen ta biyu ta farko ta sake yin kore. Nakan tsaya in zagi ciyawar nan tas, har masu wucewa su yi ta dariya, amma zagi bai hana ta tsiro ba.

Baffa ya sha ruwa, ya yi wa Inna barka, ya ɗauki jaririya ya juya ta ya ce goshin ubanta ne. Amma bai yarda ya taɓa tuwo ba sai da na raka shi gona. Muna isa ya tsaya a bakin iyaka, sa'an nan ya duƙa ya ware ciyawa da hannu yana neman dawar a ƙarƙashinta. Ta yi rawaya ta sirance. Da muka dawo ya zauna a kan turmi a ƙofar ɗakin Inna, ya yi magana a hankali, ba faɗa ba zagi. Ya ce gonar nan in ta ƙara mako haka ta mutu, in kuwa ta mutu ba abin da za a zuba a rumbu, shi kuma ba zai zauna a ƙauye yana cin tuwo 'ya'yan ƙanensa suna kwana da yunwa a bakin birni ba. Don haka zai tafi da ni da Bala, a bar wa Inna jaririya. Daga cikin ɗaki Inna ta roƙe shi, ta ce ai suna da mutane a nan.

"Waɗanne mutane? Masu waƙar nan?" in ji Baffa. "Uwar Ladi, waƙa ba ta cire ciyawa. Ina da sabga a birni, zan dawo ranar Litinin. In na tarar an nome gonar nan, na bar miki su. In ban tarar ba, ki ɗaure musu kayansu."

Baffa ba mugu ba ne, al'ada ce ya bi, kuma kowa ya san 'ya'yan mamaci na dangin uba ne. Amma ni a ranar ji na yi na tsane shi har da jakinsa. Rabuwa da Inna kaɗai ta isa, ga shi kuma a ƙauye babu makarantar Malam Iliya. Malam Iliya shi ne mai bishararmu, shi ke jan sujada ranar Lahadi, sauran ranaku kuma ya tara mu a gindin durumin ƙofar gidansa yana koya mana karatu. Da yatsa muke rubutu a rairayi, in ka yi kuskure ya sa ƙafa ya share ya ce sake. Ni kuwa lokacin na fara haɗa baƙaƙe ke nan, duk inda na ga ƙasa mai laushi sai na rubuta sunana, Ladi, har a bakin rijiya. In an tashi hutu maza su shiga langa ko su bi fara cikin ciyawa, mu mata mu baje carafke ko mu ja da'irar gaɗa. A gaɗa kam ba a kai ni ba. Ni ce mai bayar da waƙa, kuma komai ya shiga bakina sai na mai da shi na tafi da tsalle, har waƙoƙin sujada ban bari ba in ina daka. Sau nawa Inna ta dungure mini kai ta ce waƙar Allah ba ta wasa ba ce.

Ɗakin sujadarmu kuwa ɗaki ne na laka da jinka wanda iyayenmu maza suka gina da hannunsu, tabarmi a ƙasa, ƙararrawarmu wani guntun ƙarfen hanyar jirgi da aka rataye a reshen durumin. Ba mu da yawa, har da yara ba ma cika ɗakin. Akwai tela, akwai kukun wani Bature, akwai wani Banufe mai wanki da guga, akwai akawun tashar jirgi, mutumin Kudu, da muke ce wa Baba Akawu, wanda Hausarsa kullum a karkace take fitowa. Akwai kuma Kaka Saratu, tsohuwar da aka sace tun tana ƙarama a zamanin bauta, ba ta san garinsu ba, ba ta san danginta ba, in an tambaye ta asalinta sai ta nuna ɗakin sujada da haɓa. In an tashi sujada ba a watsewa. Mata su fito da akusa, a zauna a inuwa a ci tare, a ji wanda ba shi da lafiya, a ji wadda jinkarta ke yoyo. Ban fahimci rabin wa'azin Malam ba a lokacin, amma na san ana ce mana muna da Uba a sama wanda ba ya mutuwa, kuma tun da Babanmu ya rasu na riƙe maganar nan da hannu biyu. Duk wannan ne Baffa zai raba ni da shi ranar Litinin.

Maganin gonar da ta fi ƙarfin mai ita kowa ya san shi, gayya ce. Amma gayya tana da ƙa'ida: wanda ya kira shi ke ciyarwa, ya dama fura, ya tuƙa tuwo da miya mai kyau, ya sallami makaɗi. Inna kuwa hatsin da ya rage mata bai wuce na kunun jego ba, ga ta da zurfin ciki, gara ta mutu da a ce ta tara mutane ta bar su da yunwa. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in kai maganar gidanmu waje. To, ni bakina bai taɓa iya riƙe magana ba. Ranar Alhamis a makaranta Malam Iliya ya tarar maimakon rubutu rami nake haƙa a rairayin, hawaye na ɗiga a ciki. Tambaya ɗaya ya yi mini na zazzage masa komai, har da yadda Baffa ya zauna a kan turmi. Malam ya sallame mu tun rana ba ta yi tsaka ba, da la'asar kuma muka ji ana buga ƙarfen nan alhali ba Lahadi ba. Kafin magariba sai ga Kaka Saratu tana dogara sanda, ta shiga ɗakin Inna ba ko jiran izini. Na laɓe a bayan zana ina jin Inna tana ƙoƙarin musu.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," Kaka ta ce mata. "Ke dai ki kwanta ki sha kununki. Wannan gayya ba ke kika kira ba, mu muka kira kanmu, kowa da furarsa zai zo."

Ban taɓa ganin Juma'a irin wannan ba. Rana ɗaya tak muke da ita, wato Asabar, domin Lahadi ba ma taɓa fartanya ko da sama za ta faɗo, Litinin kuma ga Baffa. Masu aikin Turawa suka je suka roƙi a ɗaga musu ƙafa, wani aka ba shi da sauƙi, wani sai da ya sha harara. Mu yara aka watsa mu gida-gida aron fartanya, don yawancin mutanenmu ba su da ita. Maƙwabcinmu Malam Habu maƙeri, Musulmi ne, ya tara fartanyun duka ya wasa su ya ɗaure masu girgiɗi, da aka yi masa maganar lada ya ce a bar shi da Allah. A gidan Malam Iliya kuwa taɓare ne ke tashi tun safe, mata na surfe suna daka fura, wata ta kawo gero, wata daddawa, wata kuka, matar tela ta yanka zakaranta ɗaya tilo. Ni dai ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba yinin nan, in je rijiya, in je itace, in leƙa Inna in ba ta labari, ita kuma ta rufe fuska da zane don kunya.

Abu ɗaya ya rage, shi ne kiɗa. Duk Bahaushe ya san gangar noma ce ke jan gayya, ita ke sa rago ya zama jarumi. Amma waɗanda suka kawo mana bishara sun koya wa iyayenmu cewa ganga ta bori ce da wurin shan giya, wanda ya bi Almasihu ya bar ta a baya, iyayenmu kuma suka riƙe wannan da gaskiya. Aka yi shawara, Malam Iliya ya ce ai ba mu rasa komai ba, muna da waƙoƙin sujada, da su za mu yi noma, ga aiki ga yabon Allah. Kowa ya yi na'am, har ana cewa dabara ta yi kyau.

Da sassafe ranar Asabar muka ɗunguma gona, raɓa na jiƙa mana ƙafa, maza da fartanyu a kafaɗa, mata da ƙore a ka. Baba Akawu ya zo da takalmi da hular kwano, sai da ya cire su ya jera a gindin kuka ya naɗe wando. Aka yi addu'a a bakin gona, aka jeru kowa da kunyarsa, ni ma da tawa a gefe, Malam ya ɗauko waƙar godiya da muke rufe sujada da ita. To, waƙoƙin nan da kalmomin Hausa suke, amma muryarsu daga ƙasar Turawa ta zo, a hankali ake jan su, akwai ma wata kalma a tsakiyar wannan da ake ja har numfashi ya kusa ƙarewa. Shi kuwa hannun mai noma abin da kunne ya ji yake bi. Sai ka ga mutum ya ɗaga fartanya ya tsaya da ita a sama yana jiran kalmar nan ta ƙare kafin ya sara. Duk jeren ya koma haka, a ɗaga tare, a jira tare, a sauke tare, cikin natsuwa da ladabi kamar masu rakiyar gawa. In waƙa ta ƙare a ɗauko wata, ita ma 'yar uwarta ce. Masu wucewa kasuwa suka riƙa tsayawa suna kallo, wani mai jakai ya tambaya ko rasuwa aka sake yi.

Rana ta take tsaka, aka zauna shan fura a gindin kuka, na miƙe na dubi gona. Ko kashi ɗaya cikin uku ba a ci ba. Tela ya ce sannu ba ta hana zuwa, kuku ya ƙarasa masa cewa sai dai a daɗe ba a je ba, aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don kowa ya ga abin da na gani. Can gabas kuma hadari ya fara haɗuwa. Da aka koma aiki aka sake ɗauko waƙar godiyar nan da janta, sai na ga kaina a bayan jakin Baffa ina waiwayen Inna. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma san lokacin da na jefar da fartanya ba. Na buɗe maƙogwaro na ɗauko waƙar nan daga farko da muryar gaɗa, irin yadda nake yinta a bakin turmi, da sauri, ina tafi ina buga ƙafa, hawaye na zuba. 'Yan matan da muke wasa tare suka amsa mini tun kafin su tuna inda suke. Kaka Saratu, da ke zaune tana gadin ruwan sha, ta jawo ƙaramar ƙwarya ta kife a cikin masakin ruwa, ta kama ludayi ta shiga kaɗawa. Ƙarar ta cika gonar.

Manya suka tsaya cak, fartanyu a hannu, duk ido ya koma kan Malam Iliya. Na sassauta murya, 'yan amshi suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, Kaka ce kaɗai ba ta fasa ba. Malam ya share gumi da hannun riga, ya dubi gona, ya dubi hadari, ya dube ni. Na riga na sadaƙar yau sai bulala.

"Kalmomin dai ba su canja ba," ya ce. "Wanda ya tsiro da duma kuma ya san ƙarar ƙwarya. Ladi, ɗauko daga farko."

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. An ce in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, to ranar na gani da idona. Mutanen nan da ɗazu suke tafiyar hawainiya suka duƙa, fartanyu na faɗuwa tare da ludayin Kaka, ƙasa na tashi, ciyawa na kifewa a baya. Ina bayarwa suna amsawa, maza da mata, in waƙa ta ƙare in cafko wata in juye ta. Tela da kuku suka shiga tsere, Banufe yana guɗa irin ta garinsu, Malam da kansa ya ɗaure riga a ƙugu yana sara yana dariya. Baba Akawu yana can baya, kunyarsa a karkace kamar Hausarsa, tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe, amma ya yaga ƙyalle ya ɗaure ya ci gaba, yana amshi da ƙarfi fiye da kowa. Mata suka bar tukwane suka bi baya suna kakkaɓe ciyawa suna tayar da dawar da ta kwanta. 'Ya'yan Malam Habu, samari majiya ƙarfi da ke noma a gonarsu ta kusa, suka ji kiɗa suka tsallako iyaka ba wanda ya kira su. Ba su amsa waƙarmu ba, amma fartanyunsu sun bi ƙwaryar, da la'asar ta yi suka koma gefe suka yi salla suka dawo suka ɗora.

Ina kan wani suri ina bayar da waƙa, murya ta fara dishewa, sai na hango jakin nan. Ashe Baffa ya gama sabgarsa da wuri, ya taho da niyyar ya kwana biyu a gidanmu ya jira Litinin, ƙarar ƙwarya ta karkato da shi. Ya tsaya a bakin iyaka inda ya tsaya ranar Laraba, ya dogara sanda. Na kusa yin shiru, Kaka ta watsa mini harara na ci gaba. Saura kusurwa guda ta gabas, ga hadari ya yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen dawa. Ina satar kallon Baffa, fuskarsa ba yabo ba fallasa, amma na lura yatsun ƙafarsa suna motsi a ƙasa. Manomi ne na gaske, jikinsa ba zai iya tsayuwa kallon gayya ba. Can sai ya tuɓe riga ya rataya a sabara, ya nufi Baba Akawu ya miƙa hannu ya ce ya ba shi fartanya ya huta. Baba Akawu ya maƙale ta a ƙirji ya ce shi bai gaji ba, wannan kunya tasa ce sai ya kai ta ƙarshe. Baffa ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya tsinci 'yar fartanyata da na jefar, wadda ƙotarta ba ta kai tsawon damtsensa ba, ya duƙa da ita. Kafin a ce kwabo ya wuce kowa, samari na binsa suna kuwwa.

Ɗigon farko na sauka aka sare ciyawar ƙarshe. Mutane suka zube a ƙasa suna haki suna dariya, ni kuwa na sauko daga suri idona na kan Baffa. Ya bi gonar kunya-kunya hannu a baya, ya dawo ya kama hannun Baba Akawu ya kwance ƙyallen ya duba. Sa'an nan ya tambayi Malam Iliya me suka haɗa da marigayi, ko akwai auratayya ko garinsu ɗaya. Malam ya ce ba ko ɗaya, ɗan'uwansu ne dai a wurin Allah. Baffa ya ce to noman farko ke nan, wa zai yi maimai, wa zai yi girbi, wa zai ɗauko dammuna zuwa rumbu? Malam ya nuna mutanen da ke zaune cikin laka ya ce ga su nan. Baffa ya dube su, ruwa na sauka a kafaɗarsa, ya kira ni da hannu ya dafa kaina.

"Je ki gaya wa uwarki kada ta ɗaure kaya," ya ce. "Na zo ɗaukar marayu, ban tarar da marayu ba."

Ban jira jin sauran ba. Na zura da gudu cikin ruwan nan, na faɗi a taɓo na tashi, na tsallake kwatami, na faɗa ɗakin Inna jiƙe sharkaf ina magana ba murya. Na tarar da ita durƙushe a bakin gado, ashe tun safe addu'a take, ga ƙullin kayanmu a gefe ta riga ta ɗaure. Ni ce 'yar farinta, kuma a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, kullum "ke yarinya" nake a bakinta. Ranar ta jawo ni da laka da komai ta rungume, ta kira sunana a hankali har sau biyu. Muka yi ta kuka, Bala ya shigo ya gan mu shi ma ya ɓare baki bai san dalili ba.

Washegari a ɗakin sujada rabin jama'a ba sa iya ɗaga hannu, Baba Akawu sai da aka buɗe masa littafin waƙa. Aka yi waƙoƙin da jansu kamar kullum, don ƙwarya ba ta shiga ɗakin ba sai bayan shekaru, amma in an zo kalmar nan mai tsawo sai ka ga kafaɗu suna rawa saboda danne dariya. Baffa bai shiga ba, ya zauna a gindin durumi yana sauraro, da aka fito da akusa kuwa ya ci tare da mu. Mutanen nan sun cika alkawari. Sun yi maimai, sun yi girbi, rumbun Inna ya cika har ta kai dami ɗakin sujada ranar godiya, ni kuma na zauna na ƙarasa karatuna a rairayin Malam Iliya.

Yanzu inda gonar take gidaje ne da shaguna, na je neman kukar nan ban ma gane wurin ba. Majami'armu ta bulo ce da rufin kwano da bencuna, ranar Lahadi mata na kaɗa tukwane da caki har bango na amsawa, ba mai waiwayen kowa don neman izini, jikokina kuma in na ce musu an taɓa jin tsoron ƙwarya sai su ce Kaka ta fara rikicewa. Mun yi yawa, na gode wa Allah. Sai dai ana tashi kowa ya nufi motarsa ko babur ɗinsa, mukan gaisa a bakin ƙofa da mutanen da ban san sunansu ba, balle in san ko ciyawa ta ci gonarsu. Malam Iliya, Kaka Saratu, Baba Akawu, Inna da Baffa duk sun riga mu, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka tsaya a gonar nan. Kullum in na durƙusa nakan kira sunayensu ɗaya-ɗaya in gode wa Ubangiji da ya sa ni a hannunsu. Uba kam na rasa, amma maraici ban san shi ba.